Mai Raino Ma Tana da Haƙƙin a Ba Ta Notis

A bangon falona akwai ƙusa 8 a jere, kowace da sunan yaro a ƙarƙashinta, an rubuta a 'yar takarda an manna da salatif. Da safe uwa za ta shigo a gurguje, ta miƙo min yaro, ta rataye jakarsa a ƙusarsa, da yamma ta zo ta ɗauke su tare. Shekara 9 ke nan ina rainon yara a gidana a Samaru ta Zariya. Iyayen da ke kawo min 'ya'yansu yawanci malamai ne da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, da ma'aikatan jinya masu zuwa asibitin koyarwa na Shika, da malaman makaranta, wani lokaci har da masu bautar ƙasa.

Akwai shekarar da jaka ɗaya ta yi mako 5 a rataye ba wanda ya taɓa ta. A cikinta akwai fida, da famfas 3, da 'yar hular sanyi, da kwalbar man shafawa. Mai jakar yaro ne da aka kawo min yana wata 4, a ranar da hutun haihuwar uwarsa ya ƙare. A hannuna ya koyi zama, a hannuna ya yi rarrafe, a kan tabarmar nan ya fara tatata. Wata Litinin ba a kawo shi ba. Da azahar na kira, uwar ta ce, "Anti, yi haƙuri, jikinsa ne da ɗan zafi. Zuwa Laraba in sha Allahu." Laraba ta zo ta wuce. Na sake kira, ta ce sun je gida biki. Mako na 3 ta ce kakarsa ce ta riƙe shi, amma kada in ba da wurinsa, yana nan dawowa. Daga nan sai waya ta riƙa ƙara har ta tsinke.

A cikin makonnin nan wata ma'aikaciyar jinya ta yi sallama da jaririya a baya, saura kwana 10 ta koma aiki. Ta zauna a kujerar roba, ta kwance goyon, ta ce, "Anti, don Allah ki taimaka min. Wallahi ba ni da kowa a garin nan." Na ɗaga kai na dubi jakar, na ce mata wuri ya cika. Na raka ta har bakin ƙofa tana share ido da gefen hijabi. Ban san inda ta kai 'yarta ba har yau.

Mai taya ni aiki ce ta ga yaron wata safiya a cikin Keke Napep, a kan cinyar uwarsa, sanye da rigar makaranta. Ashe an samar masa wuri a wata makaranta mai ajin ƙananan yara kusa da ofishin uwar. Dalili ne mai kyau, wanda da an faɗa min da ni zan fara sa albarka. A lokacin sai ƙarshen wata nake karɓar kuɗi, saboda haka na yi asarar watan da ya yi a wurina da kuma makonnin da na yi ina jiran gawon shanu. Jakar kuwa, wani ɗan acaba aka aiko ya karɓa.

Ra'ayina a nan a fili yake. Iyaye suna da cikakken iko su cire ɗansu daga gidan raino duk lokacin da suka ga dama, kuma ba dole ne su faɗi dalili ba. Ɗa nasu ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda muka saba barin mai raino ta ɗauki nauyin rashin yanke shawarar wasu. Idan zuciyar uwa ta kasu biyu, ba ta da laifi, amma kwanakin da za ta yi tana tunani kwanaki ne masu tsada, kuma wanda ke tunanin shi ya kamata ya biya su.

Mutane da yawa ba su san yadda lissafin gidan raino yake ba. Mai shago idan bai sayar da mudun shinkafa yau ba, yana nan gobe zai sayar. Ni abin da nake sayarwa gurbi ne na wata guda, idan watan ya wuce babu kowa a ciki, ya tafi ke nan, ba a ajiye shi. Gurbin 8 ne kawai, kuma cikinsu jarirai 'yan ƙasa da shekara ba sa wuce 2, domin hannu huɗu ne a gidan, nawa da na mai taya ni. Yaro ɗaya ya fita ba zato, kashi ɗaya cikin 8 na abin da ke shigowa ya tafi, alhali abin da ke fita bai ragu da ko sisi ba. Albashin mai taya ni yana nan. Gas ɗin da nake dama kunu in tafasa fida da shi yana nan. Mai ruwa zai turo kurarsa kamar kullum, don wankin yara ba ya jira. Omo, sabulu, maganin sauro, kuɗin haya, duk suna nan. Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, komai ya bi ta. A Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, yarinyar da ke taya ni ta ji a rediyo kamar kowa, kuma tana da gaskiya da ta zo ta ce in duba nata. Daga ina zan duba, idan ban san yara nawa zan wayi gari da su a wata mai kamawa ba?

Sannan akwai matan da ke layi, waɗanda ba a ganinsu a wannan magana. Uwa mai aiki ta san ranar komawarta aiki tun kafin ta haihu. Dokar ƙwadago ta ba da hutun haihuwa na mako 12, ma'aikatan gwamnatin tarayya suna samun fiye da haka, na jihar Kaduna kuma wata 6 tun 2019. Shi ya sa mace kan zo min da cikin wata 7, ta ce, "Anti, watan kaza zan koma, zan samu wuri?" Amsa ɗaya take so, e ko a'a, don in babu ta nemi wani gidan ko ta aika ƙauye a turo mata yarinya. Duk ranar da wata uwa ta ce min "bari dai mu gani", ni ma abin da zan faɗa wa mai cikin nan ke nan. Rashin tabbas na mutum ɗaya ya zama na gida 3.

To me ya hana mu magana tun farko? Kunya da kara. Mun taso a gidajen da raino ba sana'a ba ce. Akwai kaka, akwai gwaggo, akwai matar wa, akwai 'yan matan gida da ke rububin goyo. Ɗa na kowa ne, kuma wadda ta goya maka ɗa ba ta cewa a biya ta. Amma yau matar da ke zaune a gidan haya mai ɗaki 2, danginta suna Katsina ko Yola, dangin mijinta suna wani garin, ba ta da wannan gatan. Mu muka maye gurbin kaka da gwaggo, sai dai mu haya muke biya, kuma da wannan aikin muke ci. Zamani ya canza, tunaninmu bai bi shi ba. Uwa tana kirana Anti, ɗanta yana kirana Mama, an zama kamar 'yan'uwa, sai maganar kuɗi da ta sharaɗi ta yi wa kowa nauyi a baki. Ni kaina na shekara 3 ina ganin in ce wa mace ta sa hannu a takarda kamar na ce ban yarda da ita ba ne.

Abin da ya cire min wannan nauyin karatun Islamiyya ne. A Suratul Baƙara aya ta 233, Allah ya ce babu laifi a kanku idan kun so ku ba da 'ya'yanku shayarwa, matuƙar kun miƙa abin da kuka yi alkawari bisa kyautatawa. A Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 6 ya ce a ba masu shayarwa ladansu, kuma a yi shawara a tsakani bisa abin da aka sani na alheri. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a hannun Halimatus Sa'adiyya ya yi ƙuruciyarsa ta farko. Ke nan karɓar lada a kan kula da ɗan wani ba baƙon abu ba ne a addininmu, kuma ba ya rage ƙauna. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba. A Risala, littafin fiƙihu da ake karantarwa a zaurukan Zariya, an ce ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, ta halatta idan an yanka mata lokaci an kuma ambaci lada. Lokaci da lada. Su ne daidai abubuwan da muke jin kunyar ambata. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kuma notis ba sabon abu ba ne a wurin mutanen da ke kawo mana yara. Mai gidan haya ba ya fitar da mai biyan shekara sai ya ba shi wata 6, mai biyan wata kuma wata 1. Sashe na 11 na dokar ƙwadago ya tsara notis tsakanin ma'aikaci da mai aiki: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 har zuwa shekara 2, mako 2 har zuwa shekara 5, wata 1 daga nan zuwa sama. Makarantun kuɗi suna karɓar kuɗin zango tun kafin yaro ya zauna, kuma wanda ya cire ɗansa a tsakiyar zango bai isa ya ce a mayar masa ba. A Ingila, inda masu raino a gidajensu ke yin rajista da hukumar Ofsted, yarjejeniya a rubuce da notis ɗin mako 4 abu ne da aka saba. Uwar da za ta kai ƙara idan aka sallame ta daga aiki ba notis, ita ce za ta turo min saƙo da ƙarfe 10 na daren Lahadi ta ce daga gobe ba za a kawo shi ba. Ba na cewa mugunta ce. Ba ta taɓa kallon falona a matsayin wurin aikin wani ba ne kawai.

Wadda ta ɓace ba sallama tana da ciwo, amma ta fi sauƙi a kan mai rawar 'yan mata, a yi gaba a dawo baya. Na yi fama da wata ɗaliba mai karatun digiri na 2, mace mai kirki, ba ta taɓa jinkirta biya ba. Ta zo ta ce ƙarshen wata za ta cire 'yarta, uwar mijinta za ta zo ta zauna da su. Na yi mata fatan alheri, na kira ta gaba a layi na ce ta shirya. Saura kwana 3 wata ya ƙare ta dawo ta ce, "Anti, Hajiya ta ɗaga zuwan sai bayan Sallah." Na kira waccan na ba ta haƙuri, Allah ya sa tana da sauran hutu. Bayan Sallah ta sake ba ni notis, ta sake janyewa, wai maigidan ya ce yarinyar ta saba da nan. Wannan karon wadda ke jira ta yi fushi ta nemi wani gida, kuma ban ga laifinta ba. Karo na 3 na riga na yi wa wata malamar firamare alkawari, har ta biya kafin alƙalami. Ranar Alhamis da yamma ɗalibar ta tsaya a bakin ƙofa, 'yarta a kafaɗa, ta ce, "Anti, kin san me? Mun fasa. Hajiya ta ce ba za ta iya da zaman Samaru ba."

Na ce ta shigo ta zauna. Na ce, "Malama, kin san yadda nake son yarinyar nan. Amma wurinta na riga na ba da shi, bisa maganar da kika faɗa min da bakinki. Matar ta biya, Litinin za ta fara aiki. Idan na janye, na zalunce ta."

Ta ce, "Haba Anti, yaro ɗaya ne fa. Ki ƙara ƙusa ɗaya mana."

Na ce ba ƙusa ce matsalar ba. Idan ina canza wa jariri famfas, mai taya ni tana ba wani kunu, wa ke kallon mai rarrafen da ya nufi bokitin ruwa? Na sa iyaka a 8 ne saboda 'yarta da sauran, kuma ranar da na karya ta don ita, gobe zan karya ta don wata, a kan 'yarta. Ta yi kuka, ni ma bayan fitarta na yi. Na haɗa ta da wata mai raino da na yarda da ita a unguwa, na sa sunanta a farkon layi. Wata 2 ba ta gaishe ni ba. Ban ji daɗi ba ko kaɗan, amma har yau ban ga wata hanyar da ta fi wannan adalci ba. Magana zarar bunu ce. Notis da zarar an ba da shi, wasu mutane sun gina shirinsu a kansa, ya fita daga hannun mai shi.

Duk da haka ba zan yi kamar ban san abin da ke sa iyaye mata jan ƙafa ba. Sau da yawa wadda ke tsaye a ƙofata ba ita ke da wuƙa da nama ba. Maigida ne zai ce yau a cire, kuɗin sun yi yawa, gobe ya ga wahalar da ake sha ya ce a mayar. Uwar miji ce za ta ce wace irin uwa ce ke kai jariri gidan baƙi. Albashi ne bai shigo ba, ana jin kunyar a faɗa, sai a ɓoye yaro a gida da sunan zazzaɓi har alat ya zo. Ga kuma abin da ke cin zuciyar kusan kowace uwa mai aiki, cewa ta bar ɗanta ta tafi neman kuɗi. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa yanzu nake roƙon uban yaro ya zo ranar farko, ya ga wurin, ya sa hannu tare da matarsa. Wanda zai yanke hukuncin cirewa ya kamata ya ji sharaɗin da kunnensa. Na lura tun da na fara haka, "maigida ya ce" ta ragu sosai.

Akwai kuma wani dalili da ya fi waɗannan nauyi, wanda wata uwa ta faɗa min ido da ido, kuma na gode mata. Ta ce, "Anti, tsoro muke ji. Idan mai raino ta san za a cire yaro, wa ya san yadda za ta riƙe shi a sauran kwanakin?" Na yi shiru, don na san ba daga sama ta ɗauko ba. Yaron da bai iya magana ba, ba zai dawo gida ya ce an bar shi da kashi tun safe ba. Kuma a cikinmu masu wannan sana'a akwai waɗanda da an ba su notis sai fuska ta canza, gaisuwa ta koma ciki-ciki, a fara yada magana, a kai sunan uwa dandalin WhatsApp na unguwa. Akwai mai riƙe kayan yaro wai sai an biya ta. Duk mai yin haka ita ke koya wa iyaye guduwa ba sallama, kuma mu duka take jawo wa. Idan muna son a ba mu notis, dole watan ƙarshe na yaro ya zama daidai da watansa na farko, ko ya fi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

A nan ne kuma nake ware abu ɗaya da babu notis a cikinsa. Uwar da ta ga tabon duka a jikin ɗanta, ko ta zo ta tarar an bar yara su kaɗai, ko ta ga alamar an ba shi maganin barci don a huta, ta ɗauke shi a ranar, kada ta ƙara ko awa ɗaya, kuma ba ta da bashin kowa. Na rubuta wannan a takardata da hannuna. Lafiyar yaro tana gaba da lissafina.

Takardar shafi ɗaya ce, da Hausa, ba lauya ya rubuta ta ba. Ana biyan wata tun farkonsa. Mako 2 na farko gwaji ne, kowa na iya janyewa ba wani sharaɗi, don wani yaron ba ya karɓar wuri, wata uwar kuma sai ta gwada take gane ba za ta iya ba. Bayan nan, mai son cire yaro zai ba ni wata 1, a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne mai layi 2, saboda maganar bakin ƙofa da yamma, yaro na kuka ana neman takalmi, kowa da yadda yake tuna ta. Wanda ya ga ba zai iya jiran watan ba ya tafi da ɗansa, ya biya watan. Da zarar notis ya shigo ina kiran ta gaba a layi, kuma idan na ba ta magana an gama. Wadda ba ta yanke shawara ba, ko za ta yi doguwar tafiya, tana iya riƙe gurbinta da rabin kuɗi har wata 2. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ya fi yi min amfani. Uwar da ke cewa "bari mu gani" har abada, idan ta san ganin yana da kuɗi, cikin mako take gani. Wadda kuma da gaske take cikin ruɗani ta samu lokacin yin tunani ba tare da jin tana cutar kowa ba.

Rabin takardar kuma a kaina yake. Ni ma ba zan sallami yaro ba sai na ba da wata 1. Ba zan ƙara kuɗi ba sai na sanar wata 2 kafin nan. Ba zan rufe gida don biki ko suna in bar ma'aikaciyar jinya da jariri a hannu da ƙarfe 7 na safe ba. Idan rashin lafiya ko rasuwa ta tilasta min rufewa, kwanakin nan ba a biyansu.

Wasu abokan sana'a suna ce min takarda tana korar mutane, iyaye za su tafi inda ba a tambayar komai. Wasu sun tafi, gaskiya ne. Wata ta karanta ta ajiye ta ce ita ba banki ta zo ba. Amma waɗanda suka zauna sun fi daɗewa, kuma rabuwarmu ta fi daɗi. Da yawansu su ke turo min ƙannensu da abokan aikinsu.

Takarda kuma ba ta hana tausayi ba. A 2020 da aka kulle gari saboda korona, ban nemi ko kwabo a wurin kowa ba, don ba wanda ya zaɓi abin da ya faru. A 2022 yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ya ɗauki wata 8, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Duk wanda ya zauna a Samaru a lokacin ya san yadda garin ya mutu, masu shago da masu abinci da 'yan acaba kowa ya ji a jikinsa. Yara 5 cikin 8 suka tafi, ɗalibai sun koma garuruwansu, malamai ba albashi. Wa zan ce ya biya ni notis? Na yafe, na rage wa mai taya ni kwanakin aiki da yardarta, muka lallaɓa da adashi. Haka idan miji ya rasu, ko an sallami uwa daga aiki, ko yaro ya kwanta asibiti, ba na buɗe takarda. Sai dai yafiya kyauta ce, mai haƙƙi ke bayarwa da hannunsa. Idan an ɗauka tun kafin in bayar, ta tashi daga yafiya ta zama ƙwace. Na kuma lura da wani abu a shekarar yajin: iyayen da suka zo suka zauna suka ce, "Anti, ga halin da muke ciki", ba ɗaya da muka ɓata da shi. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Wanda aka fi mantawa da shi a duk wannan ja-in-ja shi ne yaron. Yaro ɗan shekara 1 ko 2 yakan yi kwanaki yana kuka kafin ya yarda da sabon hannu. Sai ya saba, ya san tabarmarsa, ya san lokacin kunu, ya san wanda ke kwana kusa da shi. A ɗauke shi mako 3, a dawo da shi, a sake ɗaukewa, kowane karo daga farko yake farawa: ya ƙi abinci, ya ƙi barcin rana, wanda ya fara zama a fo ya koma yi a wando. Iyaye su ce ya zama mai rigima. Waɗanda aka bari ma suna ji. Bayan tafiyar mai jakar nan, akwai wata 'yar shekara 2 da ta yi kwanaki tana zuwa ƙarƙashin ƙusarsa tana nuna jakar tana kiran sunansa, ta juyo ta dube ni. Ba ni da abin da zan ce mata, don ni ma ba a faɗa min ba. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, kuma yara ma suna sabo, bakin faɗa ne ba su da shi.

Wata 1 yana ba ni damar shirya yaro. Ina faɗa masa kullum, da irin maganar da zai gane, cewa zai tafi makaranta ko wurin kaka. Ina rubuta wa uwar abin da na sani game da shi wanda ita ba ta gani da rana: ƙarfe nawa yake barci, wane abinci ke ɓata masa ciki, yadda ake rarrashinsa idan ya tashi a firgice, don ta miƙa wa wanda zai karɓe shi.

Ranar 1 ga watan nan wata malama ta turo min saƙo cewa an yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa Kano, ƙarshen wata za su tashi. A ranar na kira wata mai jego da ke jira tun tana da ciki, na ji tana faɗa wa mijinta tun ba ta kashe wayar ba. Yarinyar da za ta tafi shekararta 3, ta zo min tana wata 6. Juma'a mai zuwa ce ranarta ta ƙarshe. Uwar ta ce za ta kawo cincin da lemo a raba wa yara, ni kuma na ɗinka mata 'yar riga da ragowar atamfar Sallah. Jiya da yamma ta ja kujera ta hau, ta ce in bar ta ta ɓare takardar sunanta da kanta, za ta tafi da ita Kano. Na ce ta bari sai Juma'a.